Ƙafafun Balkisa da Man Kaɗanyata

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A kasuwa, a gidan suna, har a bakin famfo, sai an tare ni: "Hajiya Hajo, wai da gaske ɗiyar Sani wanka ne aikinta?" Makon farko ban iya ba kowa amsa ba, domin a Lyon na baro muryata, da nuni nake sayar da turarena. Yanzu murya ta dawo, baki kuma ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Da farko dai ba wanka ba ne, iyo ne, kuma iyon ma na rigingine: mutum ya kwanta da baya a kan ruwa, fuska sama, yana wurga hannuwa ta bayan kai. Balkisa ɗiyar ƙanena Sani ce, wanda ya shekara talatin a can yana fataucin kaya. A Vaulx-en-Velin aka haife ta, wata unguwa ta dogayen benaye a gefen Lyon. Tana shekara shida makaranta ta kai su koyon iyo, ta kafe ba za ta sa fuskarta a ruwa ba, sai kuka. Malamar ta gaji, ta kwantar da ita rigingine ta ce to dubi sama. Yarinya ta dubi sama ta tafi, yau shekara ashirin ke nan ba ta juyo ba.

Sani ne ya kira ni a waya. Ko gaisuwar kirki bai ƙarasa ba.

"Yaya, ki taho. Za a yi gasar zaɓen waɗanda za su shiga tawagar ƙasa, nan Lyon, ƙohwar gida. Mutum biyu ake ɗauka. Bara ta ukku ta zo, ga kahwaɗar da anka yi ma aiki. In ba ta shiga ba bana, ta ce ta aje iyo."

Na ce, "To ni mi zan yi, ruwan zan shiga in tura ta?"

Ya ce, "Ita ta ce a kira ki."

Wannan maganar ce ta tashe ni. Sau biyu kacal yarinyar nan ta taɓa zuwa Maraɗi, amma ta tuna tana da gwaggo.

Wahalar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, wanda ya nema ya sani. Daga Maraɗi na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, wuni guda, kusa da wani bawan Allah da ya yi barci a kafaɗata tun daga Konni har Doso. Jirgi ya yada zango da mu a wata ƙasar Larabawa, sannan Paris. A nan kare ya tona mini asiri. Na naɗe kilishi cikin takarda, na naɗe takardar cikin zane uku, amma wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mai jiran sadaka. Wata ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, mai safar hannu ta buɗe, ta ce ba a shiga da nama. Na yi magiya da ɗan Faransancin kasuwa da nake da shi, ba ta ji ba. Sai ta ɗago robar man kaɗanya, ta buɗe, ta sansana, ta dube ni. Na lakata na shafa a gwiwar hannuna na nuna mata. Ta yi dariya ta mayar mini. Da na san abin da man nan zai jawo, da na roƙe ta ta haɗa shi da kilishin.

Balkisa ce ta tarye ni, domin a Paris take horo. Doguwa, kafaɗu kamar na mai dakan fura, ga warin ruwan jabel, maganin da suke zuba wa ruwan iyo, yana tashi daga jikinta. Ta rungume ni ta sumbaci kumatuna, dama da hagu, sannan ta tuna, ta rusuna ta ce, "Gwaggo, ina gajiya? Ça va? Kin sha hanya." Ni kuwa hawaye suka zubo mini, domin idanun mahaifiyarmu ne sak a fuskarta.

A Bobigny take zaune, gidan wata Bakanuwa mai sayar da leshi da atamfa, Hajiya Uwani, hawa na goma sha ɗaya. Tun a hanya na fara abin kunya. Na shiga metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na yi sallama, na gaida na dama, na gaida na hagu. Kowa ya sunkuyar da kai a waya kamar an yi rasuwa. Wani tsoho ne kaɗai ya amsa, shi kuma da ya samu mai saurare bai sake ni ba, ya yi ta ba ni labarin gwiwarsa har muka sauka. Da na gaya wa Hajiya Uwani, sai da ta riƙe ciki.

"Hajiya, ai nan ba a gaisuwa kyauta. Kowa ba shi da taim. Ni shekarata biyar da maƙwabcina, sunan karensa kawai na sani."

Ta yi mana tuwon semo da miyar kuka, Allah ya saka mata. Amma Balkisa ba ta ci ba. Ta dafa farar taliya, ba yaji ba mai, ta auna ta a sikeli kamar mai sayar da zinariya, ta ci da guntun kifi. Suka kawo mini wani cuku mai kore-kore a jiki wai in ɗanɗana. Mutanen da ke toshe hanci idan sun ji daddawa! Na ce a mayar da shi firij, a rufe da kyau.

Washegari bayan asuba na bi ta wurin horo, tafkin da suke kira fisin. Abu na farko da ya burge ni, dole kowa ya cire takalmi a ƙofa, har Turawan. Na ce ashe dai suna da tarbiyya, ruwa kawai suke yi wa ita. Mai horar da ita wata busasshiyar mata ce, Madam Klodin, da agogo biyu rataye a wuya, ba ta dariya. Kayan iyon kuwa, na san shi kuke jira in faɗa. Na gani, na kawar da kai, na sake dubawa. Zuwa lokacin da yarinyar nan ta kai ta komo sau hamsin ba hutu, na manta da zancen kaya, tausayi da mamaki suka rufe ni.

Da ta fito ta yi mini bayani. Mai iyon rigingine ba ta ganin inda za ta. Layukan rufin ɗaki take bi da ido don kada ta karkace. Kusa da bango akwai igiya mai ƙananan tutoci a sama, idan ta wuce ƙarƙashinsu sai ta ƙirga hannu, ta san inda bango yake ba tare da ta waiwaya ba. Sauran masu iyo daga sama suke tsalle, su kuwa a cikin ruwa suke farawa: a kama ƙarfe da hannu biyu, a dafa tafin ƙafa a bango, a dunƙule, idan ƙara ta tashi a harba da baya.

"Gwaggo, tashin nan, le départ, shi ne rabin tseren," in ji ta. Na gyaɗa kai kamar na fahimta.

Kwana uku kafin gasa muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Na ji an ce garin da nisa, na yi guzuri kamar mai zuwa Agadas: dabino, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, goran shayi. Ban gama ɓare ƙwai na biyu ba gonaki suka fara wucewa kamar ana jan zane. Awa biyu muka isa. A kujerar da ke gabanmu wata mata ce da karenta, an saya masa tikiti, ya fi ni natsuwa.

Gidan Sani ya cika. Mutanenmu na Lyon suka yi ta zuwa gaishe ni, 'yan kasuwa, da masu aiki a masana'antun Saint-Fons, wani da lemo, wani da kaza. Kowa ya zauna sai an yi gaisuwa tun daga Maraɗi har Tasawa. Balkisa kuwa ta gaisa a tsaye ta shige ɗaki, domin Madam ta ce ta kwanta ta huta. Wannan ya ƙona wa Sani rai. Da baƙi suka watse na ji shi yana mata faɗa.

"Gwaggonki ta baro Maraɗi sabili da ke. Abin da ta ce, ki ce to. Ban son in ƙara jin mais, mais, amma-amma ɗin nan naku na 'yan Faransa."

Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce ƙanena bai manta gida ba.

Ranar gasa, da safe za a yi zagayen tankaɗe, takwas da suka fi sauri su dawo da yamma a yi na ƙarshe. Matar Sani, Ramatu, tun da sassafe ta fice aiki. Ba ta taɓa kallon tseren ɗiyarta ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Bayan sallah na fito falo na tarar da Balkisa kwance a darduma, ta jingina ƙafafunta a bango. A nan na ga tafin ƙafarta. Fari fat, ya bushe, duk ya tsattsage, ruwan jabel ya cinye shi. Ko matar da ta shekara tana noma ba takalmi ba ta da irin wannan kaushi. Raina ya ɓaci. Na ce yarinya da uwa da uba, a bar ta haka ta fita gaban jama'a? Na ɗauko robata, na narka man kaɗanya a tafin hannu, na kama ƙafa.

"Gwaggo, mais..."

Sani yana gefe da casbi. Ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ta yi shiru.

Na shafa, na murza, har tsakanin 'yan yatsu, na ƙara, sai da fata ta sha ta ƙoshi. Na sa mata safa don ya kama, kamar yadda muke yi da lalle. Ina yi ina addu'a, zuciyata fari tas. Daga baya ta gaya mini da ta isa fisin ta wanke da ɗan sabulunsu mai ruwa-ruwa, ta ɗauka ya fita, kuma saboda lallaɓa kafaɗa ba ta gwada tashi ba a lokacin ɗumama jiki. Ba ta san man kaɗanyar da na zaɓa da hannuna ba, ruwan sanyi ƙara masa zama yake yi.

Wurin gasar ya cika maƙil. Aka kira rukuninsu, suka faɗa ruwa, suka kama ƙarfe. Wurin ya yi tsit, ko tari babu. Ƙara ta tashi. Bakwai suka harba kamar kifi. Tawa kuwa ƙafafunta suka zame a bango, ta faɗa da baya, tim! Jama'a suka ce "Ooo!" baki ɗaya. Kafin ta daidaita, sauran sun ba ta tsawon mutum guda. Kai da komowa sau biyu ne tseren, tsawon tafki huɗu. Ta bi su, ta bi su, ta kama uku, ta kama ta huɗu a bango. Daga nan sai jira, domin akwai sauran rukuni, kuma agogo ne alƙali. Da aka jera sunaye a babban allo, karatun bokona ba ya sauri amma lamba ba ta ɓace mini. Ta takwas. Da ta ƙara ƙiftawar ido ɗaya, da shekara ashirin sun ƙare a nan.

Ni da Sani muka same su a wani lungu bayan fisin. Madam Klodin ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar Balkisa, ta goga babban yatsa a tafin, ta sansana. Ta yi tambaya ɗaya. Idon Balkisa ya zo kaina. Matar nan ta miƙe ta fara magana. Ban nemi tafinta ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage. Garin neman gira na kusa tsone ido, kuma ba idona ba, na ɗiyar da ta ce a kira ni.

Sani ya fara, "Yaya, ƙaddara ce..."

A nan kunyata ta juye ta zama faɗa. "Ƙaddarar mi? Yarinya ta buɗe baki za ta hwaɗi gaskiya, ka yi mata gyaran murya! Ni ban sani ba, ita ta sani, kai ka rufe mata baki don a ce ɗiyarka na da ladabi. Ga ladabi nan, ka ci!"

Na juya wurin Balkisa na ce, "Tashi mu tai gida. Ni na shafa shi, ni zan hidda shi."

A metro ta juya mini baya. Idan ranta ya ɓaci Hausarta gudu take, sai Faransanci, shi ma da taga take yi. A gida na zaunar da ita a kicin, na tafasa ruwa, na sirka a roba. Sana'ata ce, mai haɗa turare, na san abin da ke cin mai. Sabulun wanke kwanoni, ruwan zafi, lemon tsami, sannan dutsen goge kaushi a hankali don kada in yi mata rauni. Na zubar, na sake. Ni Hajo, da jikoki shida, durƙushe a gaban ɗiyar ƙanena ina wanke mata ƙafa, hawaye na ɗiga a cikin robar. Sani yana tsaye a ƙofa da buta, an mayar da shi mai kawo ruwa.

Na ce, "Ɗiyata, daga yau in na kawo miki abin da bai yi ba, ki ce a'a. Ko gaban ubanki, ko gaban wa."

Na miƙa hannu zan yanka lemo na uku.

"A'a, Gwaggo," in ji ta. "Ya isa. Za ki cire mini ƙafar gaba ɗaya."

Dariya ta kuɓuce mana mu duka, har mai buta. Ta shiga banɗaki, ta jiƙa bangon tangaram, ta dafa ƙafa ta tura da ƙarfi. Ƙafa ta yi ƙiiit, ta tsaya cak. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Da yamma fa abin ya zama biki. Fitilu, kiɗa, ana kiran kowacce da suna tana fitowa cikin doguwar riga. Waɗanda suka fi sauri da safe su ake ba layukan tsakiya. Ta takwas kuwa can gefe ake jefa ta, jikin bango, inda ba a sa ran komai. Sai ga shi gefen nan daidai ƙarƙashin kujerunmu yake. Da aka kira sunanta na saki guɗa, wani Bature a gabana ya zubar da ruwansa.

Suka faɗa ruwa. Tsit. Ni ƙafafun nan biyu kawai nake kallo a jikin bango, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ƙara ta tashi. Ta lanƙwashe a iska kamar baka, ta shige ruwa ba fantsama. Na ji Sani ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi.

Tsawon farko suna tare. A na biyu na tsakiya suka fara ja, na ƙirga, ita ce ta biyar. Ban san lokacin da na tashi ba. Akwai 'yar hanya a gaban kujeru, na tattare zane na bi ta, ina tafe da sauri daidai kanta, ina kaɗa mayafi. Ta juya a bango, ni ma na juya. Wani mai gadi ya tare ni yana "Madame, Madame," na zagaye shi kamar turmi. A na uku ta wuce ɗaya, ta wuce biyu. Ta uku! Wurin da ta tsaya bara ke nan, wurin da ba ya kai mutum ko'ina.

"Balkisa! Ɗiyar Maraɗi! Ja ruwa! Ja, don Allah, ja!"

Na san kunnuwanta a ruwa suke, ba ta ji. Ban fasa ba. Tsawon ƙarshe fuskarta a sama, baki buɗe, kafaɗar nan da aka yanka tana fita tana shiga. Ta farko ta yi nisa, ba a zancenta. Amma ta layi na biyar ta fara nauyi, tawa kuwa tana matsowa, taƙi bayan taƙi. Suka shiga ƙarƙashin tutoci kai da kai. Na ƙirga mata hannu da bakina: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta wurga kanta baya gaba ɗaya ta doki bango.

Ido ba zai raba su ba. Duk wurin ya juya ga allo. Na nemo layinta na takwas, na bi shi da yatsa. Ta biyu.

Na buɗe baki zan yi guɗa, babu abin da ya fito, murya ta tafi. Sani, Alhaji guda mai gyaran murya, yana tsalle yana rungumar Baturen da na zubar wa ruwa, hularsa ta faɗa hawa uku ƙasa. Madam Klodin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da agogunanta. Balkisa kuwa ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi ihu ba. Ta saki bango, ta kwanta a kan ruwa tana kallon rufi, ƙirjinta na hawa da sauka.

Sai bayan kusan awa guda ta fito, gashi a jiƙe, lambar azurfa a aljihun riga. Na kama hannunta ina son in ce ta yafe mini, murya babu. Ta gane.

"Gwaggo, écoute. Bara a layi na huɗu nake, a tsakiya. Ina ganin wannan, ina ganin waccan, tsoro ya kama ni, na ƙare ta uku. Yau a takwas ba na ganin kowa. Rufi kawai, da wata mata tana gudu da mayafi. Da ban zame da safe ba, da ba a sa ni can ba."

Ni ba yarinya ba ce. Na san Madam Klodin ba za ta yarda da wannan lissafi ba, na kuma san ɗiyar nan ta faɗa ne don ta sauke mini dutsen da ke ƙirjina, domin da agogo ya ƙara ƙiftawa ɗaya da safe, da babu daɗin bakin da zai gyara abin da na ɓata. Duk na san wannan. Amma na karɓa, na rungume ta da jiƙaƙƙen gashinta, na yi kuka na ƙoshi.